Darasin Wannan Wata: Yaron Da Ya Fara Zuwa Jami'a A Gidansu

Wanda ya taɓa tashi daga Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa za shi Zariya ta Funtuwa, ya san hanyar. Daga Funtuwa sai Giwa, sai Shika, sa'an nan Samaru. A Samaru, a bakin titi, akwai wata babbar ƙofa da masu tsaro. Ita ce ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello. Shekara da shekaru masararmu da dawarmu da audugarmu suna wucewa ta gaban ƙofan nan cikin manyan motoci. Iyayenmu da yawa sun bi ta wurin, sun leƙa ta tagar mota, amma ba su taɓa sa ƙafa ciki ba. Yau ga 'ya'yansu suna sauka a nan, da akwati a hannu da ƙullin gari a kā.

Darasinmu a kan irin wannan yaro ne, ko yarinya, watau wanda ba wani a gidansu da ya riga shi zuwa jami'a. Ubansa bai je ba, uwarsa ba ta je ba, ba wa, ba ya, ba kawu. Ran da sunansa ya fito akan yi murna, daidai ne kuwa a yi. Amma bari mu bi shi har ciki, mu ga abin da ya ke tararwa, gama yawancinmu a bakin tasha mu ke rabuwa da shi.

Waɗanda suka fara bin hanyar

Ya kamata mu fara da tuna cewa kowane gidan 'yan boko a Arewa yana da wanda ya fara, ba da daɗewa ba kuwa. A cikin 1921 aka kafa Kwalejin Katsina, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922. Ginin ƙasa ne, yana nan har yanzu a birnin Katsina, an mai da shi gidan tarihi. Daga baya makarantar ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, ita ce a ke kira Kwalejin Barewa. 'Ya'yan sarakuna da na manyan ma'aikatan En'e sun yi yawa a cikinta, amma ba su kaɗai ba ne. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi karatu a can daga 1928 zuwa 1933, ubansa mai hidima ne a gidan hakimin Lere ta ƙasar Bauci. A 1945 aka aika da shi Jami'ar Landan domin ƙaro ilmin koyarwa. Sa'adu Zungur kuma ya tafi babbar kwaleji ta Yaba a Ikko, watau Legas, a 1934, shi ne ɗan Arewa na fari da ya shiga can.

A Wusasa ta Zariya ma haka. Likita Barau Dikko, ɗan Arewa na fari da ya zama likitan asibiti, a hannun Likita Miller ya tashi, ya tafi Kwalejin Sarki a Ikko, daga nan Jami'ar Birmingham a Ingila. Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau a 1927, ya bi ta makarantar Wusasa, da Yaba, da Ibadan, har Ingila, ya zama likitan yara. Sa'ad da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ran 4 ga Oktoba, 1962, da ɗalibai 426 kaɗai, Bature ne shugabanta. A 1966 aka ba Ishaya Audu shugabancin, ya riƙe har 1975. A zamaninsa ne aka kafa makarantar share fage a jami'ar, domin yaran Arewa da suka fito daga makarantu marasa ƙarfi su sami shiri kafin su shiga karatun digiri.

Ku lura da abu guda cikin labaran nan. Mutanen nan masu kai ne ƙwarai, ba shakka. Amma ba wanda ya yi tafiyar shi kaɗai. Akwai malami, ko hakimi, ko mishan, wanda ya san hanyar, ya rubuta takarda, ya ce, ga inda za ka sauka, ga wanda za ka nema. Makarantun kuma ƙanana ne, malami ya san kowane yaro da sunansa. Yaronmu na yau yana shiga wurin da ɗalibai suka kai dubbai masu yawa, ba wanda ya san ya iso.

Kafin a kai ƙofar

Hanyar shiga tana da matakai, iyaye kuwa ya kamata su san su ko da ba su iya karatu ba. Sai yaro ya ci darussa biyar da kyau a jarrabawar WAEC ko NECO, a ciki har da Turanci, da kuma Lissafi ga yawancin fannoni. Sa'an nan ya zauna jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978. Darussa huɗu ne, maki 400, tun 2015 kuwa da kwamfuta a ke yin ta. Ku yi tunani: yaron da bai taɓa taɓa kwamfuta ba, ran da zai fara ganin ta ita ce ranar jarrabawa, ga agogo yana tafiya. Wannan kaɗai ya ka da yara masu ƙoƙari. In akwai wanda ke da ita a garinku, ku roƙe shi ya bar yaron ya saba da ita tun da wata biyu.

Gwamnatin tarayya ta daɗe da shimfiɗa ka'ida ga jami'o'inta: kashi 45 cikin 100 na gurabe ga waɗanda suka fi maki, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da a ke lissafta su a baya wajen ilmin boko. Katsina tana cikin waɗannan. Akwai kuma wata ƙofa a kusa da mu, watau makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa. A cikin jiha akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, da aka kafa a 2006, da jami'ar tarayya ta Dutsin-Ma, ta 2011. Ƙofofin sun fi na zamanin Dikko yawa nesa ba kusa ba.

Amma yaron ƙasarmu yana isowa da wani nauyi wanda takardar jarrabawa ba ta nunawa. Ran 11 ga Disamba, 2020, da dare, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati a Ƙanƙara, suka kwashe yara. Ran 17 ga wata aka sako 344. Bayan wannan aka rufe makarantun kwana na jiha. A watan Satumba na 2021 aka yanke layin waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, sai wajen ƙarshen shekara aka mayar. Yaran da ke ƙananan azuzuwa a shekarun nan su ne ke neman jami'a yanzu. Sun yi watanni a gida, waɗansu gidan ma an bar shi. A aji ɗaya za su zauna da yaron da aka yi ta kai shi makarantar kuɗi a Kaduna ko Abuja cikin mota tun yana ɗan shekara uku, takarda ɗaya za a ba su.

Baƙo makaho ne ko da idonsa

Bari mu yi misali. Ba wani yaro ɗaya mu ke nufi ba, kowa zai ga nasa a ciki. An sayar da buhunan masara, an sayar da ɗan maraƙi. A tasha uban ya ce, "To, ɗana, ka dai ga abin da aka yi. Ka riƙe mutuncin gidanmu." Yaron ya durƙusa ya ce, "To, Baba." Inna ta sa masa kuka da daddawa da ƙuli-ƙuli cikin leda.

Ya sauka a Samaru. Aka ce ya yi rajista ta intanet, ya biya a banki, ya kai takarda ofis kaza, ya nemi gado a ɗakin kwana. Ya yi ta yawo kwana uku. Abokin karatunsa, wanda yayarsa ta gama a nan bara, ya gama duka cikin yini ɗaya, gama an gaya masa tun a gida wace taga zai fara zuwa. Da ɗan gari akan ci gari. Ba basira ce ta raba su ba a wannan mako.

Sa'an nan ga lacca. A ƙauye malami ya kan rubuta a allo, yara su kwafa, in ba a gane ba ya juya ya yi bayani da Hausa. A nan malami yana tsaye can nesa a gaban mutum ɗari da ɗoriya, yana zuba Turanci da sauri, da harshen da kunnen yaron bai saba da shi ba. Ya gama, ya ɗauki takardunsa, ya fita. Yaron ya iya karanta Turanci, amma jinsa da faɗinsa wani abu ne dabam. Ran da ya buɗe baki ya yi tambaya, "p" ta fito masa "f", waɗansu suka yi dariya. Daga ran nan ya kama bakinsa.

A nan ne tarbiyyarmu mai kyau ta kan zama masa tarko. Mun koya masa kada ya dubi babba a ido, kada ya yi magana sai an tambaye shi, kada ya roƙi abu. Kunya ado ce a gida. Amma a jami'a an ɗauka wanda bai yi tambaya ba ya gane. Akwai malami da aka ɗora wa kula da kowane aji, aikinsa ne ya duba darussan da ɗalibi ya ɗauka, ya ba shi shawara. Akwai babban ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, kyauta ga kowane ɗalibi. Yaronmu yana wuce ofishin malamin kullum, yana ganin shiga wurin rashin kunya ne. Ɗan ma'aikaci kuwa ya ƙwanƙwasa ya shiga, har malamin ya san sunansa. Shekara huɗu gaba, sa'ad da a ke neman wanda za a rubuta wa takardar shaida, wa za a tuna?

Ga kuma wani abu da ba a gaya masa ba, shi ne kuwa ya fi ci mana rai. A sakandare jarrabawar ƙarshe ita ce magana, in ka yi wasa a aji huɗu kana iya gyarawa a aji shida. A jami'a ba haka ba ne. Kowane darasi yana da awo: maki 70 zuwa sama awo 5 ne, 60 zuwa 69 awo 4, 50 zuwa 59 awo 3, haka har ƙasa. Wanda ya faɗi ba shi da kome, sai ya maimaita darasin, sifirin kuma yana nan cikin lissafi. Ana tara awon tun daga zangon fari har na ƙarshe, a raba, abin da ya fito shi ne darajar digirinsa. Daraja ta ɗaya daga 4.50 ta ke farawa, ta biyu babba daga 3.50.

To, ku ɗauki alkalami mu yi lissafi. A ce karatun shekara huɗu ne, nauyin kowace shekara daidai da na 'yar'uwarta. Mai son gamawa da 3.50 sai jimlar shekarunsa ta kai 14. In ya sami 2 a shekarar fari, domin yana ta neman hanya, saura 12 cikin shekara uku, watau 4 kowace shekara, ba tuntuɓe ko sau ɗaya. Abu ne mai yiwuwa, amma da wuya. Ashe shekarar da ya ke makaho ita ce ta fi tsada. Kamar manomi ne da ya makara da shuka: ko ya yi noma uku, ya zuba taki, damina ba ta jiransa. Wannan bayani ba ya cin minti goma. Wanda wansa ya yi jami'a ya ji shi a bakin tabarma.

Ba a ƙasarmu kaɗai ba

Kada mu ce ko don talaucin Nijeriya ne. A Amurka akwai jami'o'i masu dukiya ƙwarai, irin Harvard, wadda aka kafa tun 1636. A 2004 ta ce iyayen da abin da su ke samu a shekara bai kai dala 40,000 ba, ba za su biya kome ba. Sai a zaci magana ta ƙare. Wani malami baƙar fata, Anthony Jack, wanda shi ma ɗan talakawa ne daga Miami, ya zauna da ɗalibai fiye da ɗari yana jin labarinsu, ya fitar da littafi a 2019. Ya tarar in an tafi gajeren hutu akan rufe ɗakunan cin abinci, domin an ɗauka kowa zai tafi gida ko yawon shaƙatawa. Waɗanda ba su da kuɗin mota sai su kwana da yunwa a tsakiyar dukiya. Ya tarar kuma malamai su kan sanar da sa'o'in da su ke zaune a ofis domin ɗalibai su zo, amma ba wanda ya bayyana wa 'ya'yan talakawa ma'anar wannan, sai ba su zuwa.

Abin da ya fi amfani gare mu cikin bincikensa shi ne ya raba 'ya'yan talakawa kashi biyu. Waɗanda suka sami taimako suka bi ta manyan makarantun sakandare sun riga sun saba da zama cikin masu hali, sun iya yi wa malami magana. Waɗanda suka fito kai tsaye daga makarantar unguwa, su ne abin ya fi dame su. Mu ma haka ne. Ɗan manomin da ya yi makarantar kwana ta gwamnati ya riga ya bar gida, ya zauna da baƙi, ya yi Turanci da yara 'yan'uwansa. Wanda ya yi ta jeka-ka-dawo a ƙauye kome sabo ne gare shi a rana ɗaya. Shi ya sa rufe makarantun kwana ya yi mana ɓarna fiye da yadda a ke gani. 'Yan mata kuwa, waɗanda tun dā da ƙyar a ke barinsu su yi nisa, nasu ya fi.

Maganar kuɗi, da maganar gida

Iyaye su kan shirya kuɗin rajista, su manta da sauran. Akwai abinci, da gado ko hayar ɗaki in gado bai samu ba, da buga takardu, da katin waya, gama sanarwar aji yanzu ta waya a ke yin ta. A 2023, bayan an janye tallafin man fetur, jami'o'in tarayya da yawa suka ƙara kuɗin da ɗalibai ke biya, abinci da mota kuma suka hau. Akwai kuma yajin aikin malamai. Na 2020 ya kai wata tara, na 2022 daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas. Gidan da ya auna masararsa ta shekara huɗu sai ya tarar karatu ya ci biyar ko shida.

A 2024 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun ba ɗalibai rance, NELFUND, ba ruwa a kansa. Yana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta kai tsaye, sa'ad da aka fara kuma yana ba shi naira 20,000 a wata domin guzuri. Ana fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Bashi ne, ba kyauta ba, sai a zauna a gida a yi shawara kafin a ɗauka. Amma kada a ƙi shi don jita-jita, kada kuma a ba kowa kuɗi wai zai samo wa yaro, gama ta intanet ɗalibi ke nema da kansa.

Yanzu sai mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu na gida. Tun yaron yana aji ɗaya mun fara kiransa Likita, ko Injiniya, ko Lauya. Muna yi don ƙauna, amma kaya ne mu ke aza masa. In ya faɗi darasi ɗaya, wa zai gaya wa? Uban da ya sayar da maraƙi? Sai ya ɓoye. In an tambaye shi, ya ce, "Lafiya lau, Baba, karatu sai godiya." Ya ɓoye na fari, ya ɓoye na biyu, har ran da jami'a za ta sallame shi. Akwai waɗanda kunya ta hana su komowa, suna zaune a Samaru ko Sabon Gari suna 'yan buge-buge, gida kuwa ana jiran digiri. Da tun a tasha uban ya ƙara da cewa, "In abu ya yi maka wuya, ni za ka fara gaya wa, ba zan kore ka ba," da an tsira da yawansu.

Waɗansu kuma mu kan fara girbi tun hatsi bai nuna ba. An ji ya sami ɗan tallafi, sai ga waya: ƙanensa ba lafiya, taki ya yi tsada, ana bikin 'yar gwaggo. Shi kuwa ba ya iya cewa a'a. Ya aiko da kuɗin abincinsa, ya shiga jarrabawa da garin kwaki a ciki.

In ya zo hutu kuma, sai a sa masa ido. In ya sa wando da riga, ya zama Bature. In kalmar Turanci ta kuɓuce masa, girman kai ne. A makaranta ana ce masa baƙauye, a ƙauye ana ce masa ɗan boko, ya rasa inda zai sauke kayansa. I, akwai yaran da kan komo suna ƙyamar tuwon da ya raine su, suna gyara wa dattawa magana a gaban jama'a. Wannan wauta ce, a tsawata musu. Ya ɗan'uwa ɗalibi, uban nan da bai san harafi ba ya san ƙasar da ta dace da dawa da wadda ta dace da shinkafa, ya ciyar da gida shekara talatin ba albashi. Ka ɗauki fartanya ka bi shi gona. Amma mu ma mu bambanta tsakanin yaron da ya raina gida da wanda ya yi shiru don gajiya.

Aikin wannan wata

In kun taru domin wannan darasi, ku sa ɗaya ya ɗauki takarda. Ku rubuta sunan kowane mutumin garinku ko jama'arku da ya taɓa yin jami'a ko wata babbar makaranta, da inda ya ke zaune yanzu: malamin firamare, ma'aikaciyar asibiti, malamin gona, wanda ke Zariya, wanda ke Kano. A ɗaya gefen ku rubuta yaran da ke aji shida na sakandare, da waɗanda suka riga suka tafi, maza da mata. Ku haɗa kowane yaro da mutum ɗaya, yarinya da mace in da hali. Ba kuɗi za ku roƙe shi ba. Ku roƙe shi ya zauna da yaron yini ɗaya kafin tafiya, ya yi masa lissafin awon nan a takarda, ya gaya masa sunan wanda zai nema in ya sauka. Sa'an nan ya kira shi a mako na uku, da kuma ran da sakamakon zangon fari ya fito, ya ce, "Karanta mini makin ɗaya ɗaya."

In garinku ba ko mutum ɗaya, ku tambayi shugaban makarantar sakandaren da ta fi kusa da ku, ko ku aika garin da ke maƙwabtaka da ku ranar kasuwa.